Farin Garin da ke Jakar Ta-Famfo

Sunanta na yanka yana cikin fayil ɗinta a ofishin ma'aikata, amma a shekara ashirin da bakwai da muka yi muna aiki bango ɗaya ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. A bayan idonta Ta-Famfo ake ce mata, a gabanta kuwa Inna. Ni Maƙwabciya nake ce mata, domin ofishina da ɗakin wankinta ƙofa da ƙofa suke a hawa na biyu na ginin bincike na jami'a. Ni ne shugaban ma'aikatan ɗakunan gwaji a lokacin, ita kuma mai wanke kwalabe.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wankin kwalba da wankin kwano duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A ɗakinta akwai kwamin wanki uku na farin tangaran, da allon katako mai turaku inda ake kifa kwalabe su tsane, da burushi goma sha ɗaya rataye a jere daga babba zuwa ƙarami. Kowace kwalba sai ta sha sabulu, a ɗauraye ta sau bakwai da ruwan famfo, sau uku da tataccen ruwa, sannan Ta-Famfo ta ɗaga ta saitin taga ta karkata ta. In ruwan ya gangaro sumul bai bar ɗigo ko ɗaya a jikin gilashin ba, ta wanku. In ɗigo ya maƙale, a koma farko. Ƙarfe bakwai saura minti goma take isowa kullum, da baƙar jaka a hammata, kuma kafin malamai su fara shigowa allon nan ya cika.

Tana da shekara goma sha shida ta fara wannan aiki, a wani ƙaramin asibitin mishan, ƙarƙashin wata tsohuwar Sista mai raba magani. Zamanin nan ba a zubar da komai. Majinyaci ya shanye maganinsa ya dawo da kwalbar, a wanke a zuba wa wani. Ni ma makarantar mishan na yi, inda ake duba mana farce da bayan kunne kowace safiya, don haka muna fahimtar juna ni da ita. Sau da yawa mukan tsaya a bakin ƙofa muna kallon ɗalibai suna cika kwandon shara da robobin da aka yi amfani da su sau ɗaya tak, mu girgiza kai, kowa ya koma bakin aikinsa.

Saura shekara biyu ta yi ritaya abin da zan faɗa ya faru.

Akwai wata malama da ta dawo daga karatu, siririya, mai saurin magana, muna ce mata Ƙaramar Dakta. Wata Talata da hantsi aka kawo mata wani kwali, ta kira ni in shaida buɗe shi. Ciki ƙanƙara ce mai hayaƙi, a tsakiyarta 'yan kwalabe uku waɗanda ba su kai ko ƙaramin yatsana ba. Ta-Famfo ta leƙo da kumfa a hannunta.

"Dakta, wannan babban kwali duk don waɗannan 'yan mitsi-mitsin? Ai ba komai a ciki."

"Akwai, Inna. Dubi gindin, kin ga ɗan fari-farin nan? Furotin ne irin na jikin ɗan Adam."

Ta-Famfo ta ja da baya. "Na jikin wa? Wa aka yanka?"

Dakta ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce ba wanda aka yanka. Tsarin halittarsa kawai aka kwafo daga na mutum aka dasa a cikin ƙwayoyin bakteriya, su suka yi ta ƙera shi, kamfani ya tace ya busar ya aiko. A jikinmu, in ji ta, aikinsa shi ne jin kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da haƙori. Da zarar ya ji shi, komai ƙanƙantarsa, sai ya damƙe shi ya sauya siffa, kamar hannu a buɗe ya dunƙule. Wannan dunƙulewar ce take gaya wa tsoka ta motsa, har da tsokar zuciya.

"To," in ji Ta-Famfo, "ashe ƙwayoyin cuta ma an samo musu aikin yi. Saura 'yan unguwarmu."

"Ki yi mini addu'a dai, Inna. Shekara biyu nake jiran kwalin nan. In waɗannan ukun suka ƙare, sai dai in jira wasu shekarun."

"Allah zai ba da sa'a, 'yata."

Na sa su a firiza da hannuna, a aljihu na uku, na kulle.

Gwajin da Dakta take son yi mai sauƙin faɗa ne. Za ta narka furotin ɗin a ruwan da babu kalsiyam ko kaɗan, ta sa a na'ura, layin da ke allon na'urar ya kwanta a ƙasa. Sai ta riƙa ɗiga kalsiyam kaɗan-kaɗan tana kallon layin yana hawa. Amma ranar da ta fasa kwalba ta farko, tun kafin ta ɗiga komai layin yana can sama. Hannun ya riga ya dunƙule. Ta sake washegari, haka. Cikin mako guda kwalba ta farko ta ƙare ba ta samu komai ba.

Daga nan ginin ya sauya. Da farko kamfani aka zarga, aka ce jabu suka aiko. Kamfani ya turo takardar gwajinsu, komai daidai. Sai ido ya dawo kaina, ko firiza ta mutu wani dare na yi shiru. Na fito da takardar da nake rubuta sanyin firizar safe da yamma, babu rana ɗaya da ta tsallake, amma na ga yadda Dakta take duba rubutun, kamar tana neman inda tawada ta bambanta. Aka gwada tataccen ruwan daga bakin na'urar tacewa, babu kalsiyam a ciki. To daga ina yake shiga?

Akwai kuma wani malami, Dogon Dakta, wanda ɗakin gwajin da aka ba Ƙaramar Dakta a da nasa ne. Kowa ya san bai ji daɗin karɓe ɗakin ba, ya faɗa a taro a gaban kowa. Ba wanda ya ambaci sunansa a fili, amma in ya wuce a baranda sai hira ta tsaya, in ya sha kwana ta ci gaba.

Wata Alhamis masinjan sashenmu ya shigo ofishina ya tura ƙofa da ƙafa. Mutum ne mai shekara hamsin da wani abu, wanda bai taɓa kai takarda ofis ba tare da ya dawo da labari ba.

"Shugaba, ni dai ba ruwana, amma ido ba ya ƙarya."

"Me ka gani?"

"Jiya na zo da wuri ɗaukar makullin mota. Ƙofar Inna a sakaye. Na hango ta ta ciro ƙullin leda daga jakarta, wani farin gari ne a ciki. Ta zuba a kwalba, ta toshe baki da babban yatsa, tana girgizawa, bakinta yana motsi."

"Bakinta kullum yana motsi. Ƙirga ɗauraya take yi."

"To, kai ka sani. Amma ka tuna wa yake rage mata hanya a motarsa duk ranar da aka yi ruwa? Ba Dogo ba ne? Ni dai ban ce komai ba."

Na kore shi, na ce in na sake jin maganar a bakin wani zai gamu da ni. Kafin azahar maganar ta kai ga masu gadi. Wasu suka ce Dogon Dakta ne ya ba ta wani sinadari ta lalata aikin, wasu suka ce ba sinadari ba ne, abin da ya fi sinadari ne, irin wanda ake karɓowa a wurin masu aiki da dare. Masu shara suka daina cin abinci a ɗakinta. Ɗalibai suka fara wanke kwalabensu da kansu a ɓoye, wanki irin na ɗalibai.

A nan ne na yi abin da har yau ba na jin daɗin tuna shi. Taku huɗu ne tsakanin kujerata da kwamin wankinta. Ban je na tambaye ta ba. Sai na fara zuwa ƙarfe shida da rabi, ina barin ƙofata a ɗan buɗe, ina saurare. Nakan ji ƙarar zif ɗin jaka, in ji sakata, sannan in ji wani sauti, caka-caka-caka, kamar ana kaɗa tsakuwa a gora. Akwai doka a ginin, an manna ta a kowace ƙofa da sa hannun Farfesa shugaban sashe: duk ma'aikacin da ya shigo da wani abu daga waje ya sa a kayan gwaji, korarsa za a yi. In na tambaye ta ta amsa, dole in rubuta. Na gaya wa kaina cewa don kare ta nake yin shiru. Gaskiyar ita ce na fara jin tsoron amsar.

Ita kuwa ta lura. Sai gaisuwarta ta gajarce. "Ina kwana, Malam." "Lafiya lau, Maƙwabciya." Shi ke nan.

Mako uku ina wannan leƙe. A cikinsu Dakta ta sauya duk sinadaranta, ta karɓi makullin firiza daga hannuna, ta fasa kwalba ta biyu. Layin yana sama. Na same ta zaune a gaban na'urar ta haɗa kai da gwiwa.

"Baba, saura ɗaya," ta ce. "Kuma Farfesa yana son rahoto ran Litinin. Ka ji abin da ake faɗa a kan Inna?"

"Na ji."

"Ka yarda?"

Na ce mata kada mu yarda da komai sai mun auna. Tana da wani ruwan gwaji mai sauya launi in ya haɗu da kalsiyam, da shi aka gwada ruwan na'urar tacewa. Abin da ba a gwada ba shi ne ruwan bayan ya kwana a cikin kwalba. Da yammar Alhamis, bayan Ta-Famfo ta tashi, na shiga ɗakinta na kwashi kwalabe goma sha biyu daga allon, na sa wa kowacce lamba a gindi da jan fensir: huɗu masu faɗin baki, huɗu masu dogon wuya na Dogon Dakta, huɗu masu dogon wuya na Ƙaramar Dakta. Muka cika su da tataccen ruwa muka rufe.

Da safiyar Juma'a Dakta ta ɗiga ruwan gwajin. Na ɗaya zuwa na takwas suka tsaya shuɗi. Na tara, na goma, na sha ɗaya, na sha biyu suka koma ja-ja. Nata ne kaɗai. Hannu ɗaya ya wanke duka goma sha biyun, a kwami ɗaya, da sabulu ɗaya.

Dakta ta daɗe tana kallonsu. "Me na yi mata, Baba? Ita fa take ce mini 'yata."

Na roƙe ta kada ta rubuta komai sai Litinin da safe.

Ran Asabar bayan la'asar na sa rigata mai kyau na tafi gidan Ta-Famfo. Can bayan tashar mota suke, a wani layi mai kwata a tsakiya, gida na huɗu daga wurin mai faci. Mijinta gyaran agogo yake yi a ɗan shagon da ya fitar daga zauren gidan. Na same shi da gilashin nan a ido ɗaya, ya sunkuya a kan wani agogon hannu.

"A'a, Malam mai jan fensir! Yau hanya ta ɓace maka ne? Kawo agogon nan naka in duba, na san har yanzu yana gaba da na kowa da minti biyar."

"Daidai yake. Na sauran ne ke baya."

"Haka kake cewa tun muna da gashi. Shiga, tana ciki. Amma ka yi a hankali, kwana biyun nan ko ni sai na nemi izini nake tari."

Tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune, tana tsefe wa jikarta kai. Ta ba ni tabarma, ta sallami yarinyar, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Maƙwabciya," na ce, "me kike shiga da shi ɗakin wanki a ƙullin leda?"

Ta ajiye matajin a cinyarta. "Har da kai, Malam?"

"Kwalaben Dakta ne suka nuna. Nata kaɗai. Ran Litinin za a kai wa Farfesa."

"Na ga jan fensir ɗinka a gindinsu jiya. Na ce bari in ga ranar da zai iya buɗe baki."

Ta tashi ta nufi bayan ɗakin girki, ta dawo da faranti ta dire a gabana. Ɓawon ƙwai ne, an wanke shi tas, an ɓare 'yar fatar nan ta ciki, an shanya ya bushe. Ta sake komawa ta kawo ƙaramin turmi na ƙarfe.

"Ga asirin. Wurin mai soya ƙwai na bakin layi nake karɓa. Kwalba mai dogon wuya burushi ba ya kai kafaɗarta, ka sani. Sista ce ta koya mini. A daka shi, ba lukui ba, a zuba da ɗan ruwa, a girgiza sau ɗari. Ba abin da yake bari."

Sai na ji kamar an mayar da ni aji uku. Haka muke wanke kwalaben tawada a ƙarshen kowane zango, a bakin rijiyar makaranta, Fada, limamin mishan ɗin, yana tsaye da agogo a hannu. Sautin nan da na yi mako uku ina saurare ta ƙofa, ni ma na taɓa yin sa da hannuna, amma zargi ya toshe mini kunne ban gane shi ba.

"Me ya sa nata kaɗai?"

"Yarinyar nan ta ce shekara biyu take jira. Na ce to, kwalabenta ba za su tsaya a burushi ba. Na Dogo kuwa burushi ya ishe su, shi da ba ya ko cewa sannu."

"Amma yana rage miki hanya."

"Yana rage mini hanya yana ba ni labarin ciwon bayansa tun daga ƙofar jami'a har tasha. Wannan taimako ne ko horo?"

Na so in yi dariya, ban iya ba. Na ce mata ɓawon ƙwai kusan dukkansa kalsiyam ne, abin da furotin ɗin nan yake ji.

"Ina ɗaurayewa sau goma, Malam. Ka taɓa ganin ɗigo a kwalbata?"

"Ban taɓa ba. Amma abin da ya rage a jikin gilashin ido ba ya ganinsa. Shi kuwa abin nan yana jin sa."

Ta zauna. Ta ɗauki ɓawo ɗaya tana juya shi a hannu. "Kana nufin ni na ɓata mata kwalba biyu."

"Ba da nufi ba."

"Ban tambaye ka nufi ba."

Mijin ya leƙo daga zaure, gilashin yana goshinsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya koma shagonsa.

Ran Litinin ƙarfe bakwai muka haɗu mu uku a ofishina. Da Dakta ta ji bayani sai ta rufe fuska da tafin hannu, ban san dariya take yi ko kuka ba. Da ta ɗago ta ce ita ma da laifinta. A inda ta yi karatu ba a zuba irin wannan ruwa a gilashi sai a roba, ko kuwa a jiƙa gilashin a asid tukuna, ta san haka, amma ta ga kwalaben Inna suna ƙyalli ta saki jiki. Ta ce abin da za ta rubuta ke nan: kalsiyam ya fito daga gilashi, kuskuren mai bincike ne. Ba za a ambaci ɓawon ƙwai ba, ba za a ambaci Inna ba, doka ba za ta hau kan kowa ba. Ta dube ni, na ce zan sa hannu. A raina na ji an sauke mini dutse.

"A'a," in ji Ta-Famfo.

"Inna, in aka rubuta gaskiya korarki za a yi. Saura shekara biyu fa."

"In kuma ba a rubuta ba fa? Masinja ya ga gari. Masu gadi sun ji. Jiya jikata ta dawo daga ɗebo ruwa tana tambayata wai da gaske ne ina yi wa mutane asiri a wurin aiki. In kika ce gilashi ne, za su ce Dakta ta rufa wa tsohuwa asiri. In yi shekara biyu ana kawar da kwano in na shigo, in tafi gida da wannan sunan? Gara a kore ni a kan ƙwai."

"Maƙwabciya, ki yi tunani," na ce.

"Kai ka yi mako uku kana tunani, Malam. Ya isa haka."

Ƙarfe goma ake taron sashe. Ma'aikatan wanki ba sa shiga, amma ranar ta shiga, da jakarta, ta tsaya a ƙarshen dogon tebur. Farfesa, wanda dattijo ne mai sanyin murya da ba a cika gane inda ya dosa ba, ya dube ta ta saman tabarau.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya, ranka ya daɗe. Na zo in nuna asirin da ake cewa ina yi. A kira masinja, shi ya fara gani, kada a gama ba shi."

Aka kira shi, ya raɓe a bakin ƙofa. Ta fito da turmin, ta fito da ɓawon ƙwai, ta daka a gaban malamai goma sha huɗu. Ta zuba a kwalba mai dogon wuya, ta ƙara ruwa daga butar shayin taron, ta toshe da babban yatsa ta shiga girgizawa tana ƙirgawa a fili. Ba wanda ya iya dakatar da ita. Sai da ta kai ɗari ta ajiye.

"Wannan ne garin da ka gani?"

"Kamar shi ne, Inna," in ji masinja.

"Ba kama ba. Zo ka shinshina."

Dakta ta tashi ta yi bayanin kwalabe goma sha biyu da abin da launi ya nuna, ta faɗi nata kuskuren ba ta rage ba. Dogon Dakta, wanda sai a ranar ya fahimci abin da aka yi wata guda ana faɗa a kansa, ya ce, "Wato ni nawa kwalaben ba su cancanci ƙwai ba ke nan?" Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da kunya ta kama.

Farfesa bai yi dariya ba. Ya tambaye ta ko ta san dokar da ke manne a ƙofarta. Ta ce ta sani, ita take goge ƙurar takardar. Ya tambaye ta tun yaushe take wannan aiki da ɓawo. Ta ce tun kafin a manna dokar, amma ba kullum ba, sai in aiki ya kai aiki. Ya ce ta fita, za ta ji sakamako.

Kwana tara muka jira. A cikinsu ta ci gaba da zuwa bakwai saura minti goma, ta sa Dakta ta koya mata jiƙa gilashi a asid, da safar hannu har gwiwar hannu da tabarau irin na masu walda, tana mita cewa an mayar da ita kwaɗo. Dakta ta haɗa sabon ruwa a robobi, ta fasa kwalba ta uku. Layin ya kwanta a ƙasa, ta ɗiga kalsiyam, ya ɗaga kai ya fara hawa. Ta fito baranda da gudu ta rungume Ta-Famfo da jiƙaƙƙen hannunta da komai.

A rana ta tara masinja ya kawo ambulan, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta shigo ofishina ta ajiye a kan tebur.

"Karanta mini, Malam. Tabarauna suna gida."

Takardar gargaɗi ce, layi shida. An same ta da laifin saɓa doka ta shigo da ɓawon ƙwai daga waje, wanda ya jawo asarar kayan bincike. An yi la'akari da cewa ita ta kawo kanta. Za ta ci gaba da aiki, amma takardar za ta zauna a fayil ɗinta, in ta sake kuwa babu wani gargaɗi.

"Sake karantawa."

Na sake.

"An rubuta ɓawon ƙwai da sunansa?"

"An rubuta."

"Ba inda aka ce wani ya aiko ni?"

"Babu."

"To a buga mini guda biyu. Ɗaya a manna a allon sanarwa na ƙasa, inda masu gadi suke zama."

Na ce mata ba a manna takardar gargaɗi a allo, abin kunya ne ga ma'aikaci. Ta ce ita ta san wace kunya ta fi wata. Na kai injin kwafi da kaina na buga mata. Ta ninke ɗaya ta sa a jaka, ta riƙe ɗaya a hannu, ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo.

"Ranar da masinja ya kawo maka labari, kwalba ɗaya ce ta ƙare. Da ka taka ka tambaye ni a ranar, da yarinyar nan tana da biyu a firiza."

Lissafinta daidai ne. Na ce, "Ki yafe mini, Maƙwabciya."

"Na yafe," ta ce. "Ba ni abin manna takarda."